Ranar da Kaka Zahari Ya Yi wa Jikarsa Alƙalanci

A wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsun Bulgeriya, akwai wata yarinya mai suna Neda. Shekarunta goma sha ɗaya. Ba ta da girman jiki, amma idan ta ja ƙwallo, sai ka rantse iska ce ta ɗauke ta.

Tana zaune da mahaifiyarta Boyana, wadda ke aikin jinya, da kuma kakanta Zahari, mahaifin Boyana. Kaka Zahari ya daɗe da yin ritaya daga aikin rabon wasiƙu, amma bai ajiye usur ba. Shekara talatin da biyu ke nan yana alƙalancin wasan ƙwallon yara a ƙauyukan yankin. Kowa ya san shi, kowa ya yarda da shi.

Shi ne ya koya wa Neda ƙwallo a tsakar gida. Ƙofar gareji ce ragarsu, shi kuma gola.

"Buga mana, Barkono," in ji shi, don da wannan laƙabi yake kiran ta. "Ko tsohuwar akuya ta fi ki ƙarfin ƙafa."

"Kaka, jiya fa sau biyar na ci ka."

"Tausayinki na ji."

Abu ɗaya ne yake damun Neda. Kakanta bai taɓa ganin ta a wasa na gaske ba. Duk ranar Asabar yana can wani ƙauye yana alƙalanci. Idan kuwa aka ba shi wasan ƙungiyarsu, wato Shamuwa ta ƙananan yara, sai ya ce a ba wani.

"Me ya sa, Kaka?" ta tambaye shi wata rana.

"Mutum ba ya yin alƙalanci a shari'ar gidansu."

"Ai kai ba ka son kai. Kowa ya sani."

"Haka doka ta ce, kuma dokar tana da gaskiya. Miƙo min gishiri."

Neda ta miƙa masa, tana tura baki. Kakannin sauran yara suna zuwa kallo. Har da kakar ƙawarta Sevda, wadda ba ta san bambancin bugun kwana da fenariti ba.

Wata ranar Laraba, bayan an tashi daga atisaye, Koci Radka ta kira Neda gefe. Koci Radka baƙuwa ce a garin, wata biyu kacal da zuwanta.

"'Yar gabanmu ta manya ta gurɗe a ƙafa," ta ce. "Ranar Asabar za mu kara da ƙungiyar Gaggafa. Wanda ya ci, shi zai je wasan ƙarshe. Ke da Sevda za ku hau cikin 'yan shekara goma sha uku. Za ki iya?"

"Zan iya," in ji Neda.

Ta karɓi sabuwar jesi, ta cusa a jaka, ta sheƙa gida da gudu don ta ba da labari.

Ta tarar da Kaka Zahari a bayan gida yana gasa jan tattasai na miyar hunturu. Ƙamshi ya cika unguwa. A kan benci kusa da shi akwai wata takarda da biro.

"Barkono, zo ki ji," ya ce. "Ofishin wasanni sun ba ni babban wasa a nan garinmu. Shamuwa da Gaggafa, 'yan shekara goma sha uku, ranar Asabar."

Neda ta tsaya cak.

"Sai dai kafin nan dole in sa hannu a wannan takarda, cewa ba ni da ɗan uwa a cikin masu wasan." Ya ɗago kai ya dube ta ta saman tabarau. "Ke dai har yanzu kina cikin ƙanana ko?"

Jesin tana cikin jaka a bayanta. Neda ta san idan ta faɗi gaskiya, zai mayar da wasan. Nan take za a tura shi wani ƙauye. Ta yi tunanin yadda zai gan ta tana yanke manyan yara ɗaya bayan ɗaya.

"E, Kaka," ta ce. "Ina cikin ƙanana."

"Madalla." Ya goge hannu a jikin wando, ya sa hannu a takardar. "Ɗauko tasa ki taya ni ɓare tattasan nan."

Ta ɓoye jesin a ƙarƙashin katifa. Ba ta gaya wa mahaifiyarta komai ba. Ta riƙa ce wa kanta, ai ba cuta na yi ba, Kaka ba zai taɓa taimaka mini ba ko da na roƙe shi. Duk da haka, da safiyar Juma'a ta kasa cinye banitsar da Boyana ta gasa, wato wainar fulawa mai cuku da yawa, wadda ta fi so.

"Lafiyarki kuwa?" Boyana ta taɓa mata goshi.

"Lafiya lau, Mama."

Ranar Asabar Boyana tana wurin aiki. Neda ta riga kakanta fita. Filin ya cika da iyaye. 'Yan Gaggafa sun iso a doguwar mota daga bayan dutse, tafiyar awa uku, da tutocinsu da kwandunan abinci.

'Yan wasa suka yi layi a tsakiyar fili. Kaka Zahari ya fito cikin baƙar rigarsa ta alƙalai, yana bin layi yana duba takalma. Da ya zo kan Neda, sai ya tsaya.

Ta yi masa murmushi. Shi bai yi ba.

Ya daɗe yana kallon lambar da ke ƙirjinta. Sannan ya juya ya kira masu horar da ƙungiyoyin biyu.

"Akwai matsala," ya ce. "Mai lamba tara ɗin can jikata ce. Ban san za ta yi wasa ba. Bai kamata in riƙe usur yau ba."

Koci Radka ta buɗe baki. "Jikarka? Ai sunan gidanku ba ɗaya ba ne."

"'Yar 'yata ce."

Kocin Gaggafa, wani dogo mai suna Metodi, ya sosa ƙeya. "Akwai wani alƙalin a kusa?"

"Babu. Duk sun tafi wasanni."

"To mu dai tun asuba muke hanya," in ji Metodi. "Ba zan mayar da yaran nan gida ba su taɓa ƙwallo ba. Tun ina ɗan ƙarami kake yi mini alƙalanci, dattijo. Na yarda da kai. Busa kawai."

Kaka Zahari ya dubi yaran da ke jira. Daga ƙarshe ya busa usur.

Wasa ya yi zafi tun daga farko. 'Yan Gaggafa manya ne, masu ƙarfi. Wadda aka sa ta tsare Neda sunanta Velika, ta fi ta tsawo da kai guda.

Ana cikin haka, Neda ta samu ƙwallo ta nufi raga. Velika ta bangaje ta da kafaɗa daga baya, ta faɗi warwas. Neda ta ɗago tana jiran usur. Shiru. Kakanta ya yi alama da hannu a ci gaba, ko kallon inda take bai yi ba.

Aka tafi hutun rabin lokaci ɗaya da ɗaya. Aka dawo, aka ci gaba da fafatawa, ba wanda ya ƙara. Saura minti biyu a tashi, Sevda ta ba Neda ƙwallo. Neda ta yanke mutum ɗaya, ta shiga da'irar gola. Velika ta miƙo ƙafa. Ba ta taɓa ƙwallo ba, ƙafar Neda ta kwashe.

Kaka Zahari ya kai usur baki, ya tsaya. Bai taɓa jinkiri haka ba. Sai can ya busa, ya nuna wurin fenariti.

Sevda ta yi tsalle don murna. Ba ta yi tunanin komai ba ta ɗaga murya.

"Neda, kakanki ya ba mu fenariti!"

Iyayen Gaggafa suna nan dab da layi. Kowa ya ji.

"Kakan wa?" wani mutum ya tambaya.

"Alƙalin kakan yarinyar ne," wata mata ta ce. "Ashe tun a gida aka gama wasan."

Kyaftin ɗin Shamuwa ta buga fenariti, ƙwallo ta shiga. Aka tashi biyu da ɗaya. Amma murnar ba ta yi armashi ba. Hayaniya ta cika fili. Metodi yana ta ƙoƙarin yin bayani, ba mai sauraronsa.

"Tsoho da kai, ba ka ji kunya ba?" wani ya ce wa Kaka Zahari. "Ka cuci yara saboda jikarka."

Kaka Zahari ya sa usur a aljihu.

Neda ta je ta miƙa wa Velika hannu. Velika tana kuka. Ta ɓoye hannunta a baya.

"Awa uku muka yi a mota," ta ce. "Da kun gaya mana, da mun yi zamanmu a gida."

A hanyar komawa, Neda tana bin kakanta a baya. Bai yi mata faɗa ba. Ita kuwa gara ma a ce faɗan ya yi.

Da suka shiga gida, ya zauna a kan benci yana kwance igiyar takalmi.

"Kaka," ta ce a hankali, "ai fenaritin gaskiya ne. Ta kwashe ni."

"Gaskiya ne."

"To me ya sa suke zaginka?"

"Da ke ce Velika, za ki yarda?"

Neda ta sunkuyar da kai.

"Zauna," ya ce. Ta zauna. "Kin tuna lokacin da ta bangaje ki kafin hutu? Wannan ma ƙeta ce. Na gani sarai. Da wata yarinya ce, da na busa. Amma ke ce, sai na ji tsoron abin da za a ce. Kin ga na tauye wa ƙungiyarku haƙƙi. A na biyun kuma, har yanzu ina tambayar kaina, idona ne ya gani ko zuciyata? Yau ban yi wa kowa alƙalanci mai kyau ba, Neda."

Bai ce Barkono ba. Neda ta fashe da kuka.

Ranar Litinin aka yi waya daga ofishin wasanni. Iyayen Gaggafa sun kai ƙara. An ce Kaka Zahari ya zo ranar Talata ya yi bayanin takardar da ya sa wa hannu. Kafin nan an dakatar da shi.

Neda ta ji yana gaya wa Boyana a kicin.

"Za su iya karɓe usur ɗin gaba ɗaya, Baba," in ji Boyana. "Ka gaya musu yadda aka yi."

"Ni na sa hannu. Ba zan tsaya gaban mutane in ɗora laifi a kan yarinya ba."

Da ya fita ba kaji hatsi, Boyana ta leƙo ta ga Neda a bakin ƙofa.

"Kin ji komai ko?"

"Na ji, Mama. Idan na faɗa musu, za su kore ni daga ƙungiya?"

"Mai yiwuwa ne. Ba zan ce miki a'a ba." Boyana ta gyara mata gashi. "Ba zan tilasta miki ba. Amma ki sani, shekara talatin da biyu kakanki ya yi yana gina sunansa. Yanzu mutane suna cewa maƙaryaci ne. Ke kaɗai kika san wanda ya yi ƙaryar."

Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta, Kaka Zahari ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya tafi tashar mota. Ya tarar da Neda da Boyana suna jiransa.

"Ina za ku?"

"Inda za ka," in ji Neda.

Shugabar ofishin wata dattijuwa ce mai suna Madam Donka. Koci Radka da Koci Metodi suna zaune a gefe. Madam Donka ta ajiye takardar a kan tebur.

"Zahari, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

Neda ta miƙe.

"Don Allah, ranki ya daɗe, ina da magana. Kaka ya tambaye ni kafin ya sa hannu. Na ce masa ina cikin ƙanana. Alhali a lokacin jesin manya tana cikin jakata. Ni na yi ƙarya, ba shi ba."

Madam Donka ta cire tabarau. "So kike ya taimake ku ku ci wasa?"

"A'a. Kaka ko a tsakar gida ba ya barina in ci shi a banza."

"To don me?"

"Bai taɓa ganin ina wasa ba. So nake ya gani, ko sau ɗaya."

Kaka Zahari ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, duk da ba mura yake yi ba.

"Kin yi ƙoƙari da kika zo," in ji Madam Donka. "Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Kin ga yara nawa suka koma gida suna kuka?"

"Na gani."

"Ga hukuncina. An soke sakamakon. Za a sake wasan ranar Asabar, a garin 'yan Gaggafa, da wani alƙali. Ke kuma za ki ba ƙungiyoyin biyu haƙuri, kuma za ki zauna a benci har hutun rabin lokaci." Ta juya ga Kaka Zahari. "Kai ma da naka. Da ka gan ta a fili, ni ya kamata ka kira, ba ku yanke shawara ku uku ba. Kai ma ka ji, Metodi. Na ɗage dakatarwar, amma wannan Asabar ba ka da wasa."

"Na karɓi laifina," in ji Kaka Zahari.

"Kuma idan kana son ganin jikarka, ai sai ka nemi hutun Asabar ɗaya a wata. Wa ya hana ka?"

Kaka Zahari ya dubi Neda. "Ba wanda ya hana ni," ya ce. "Tunanin ne bai taɓa zo mini ba. Ita ma ban tambaye ta ba."

Ba da haƙurin bai zo da sauƙi ba. 'Yan Shamuwa sun ji haushi ƙwarai da aka ƙwace musu nasara. Kyaftin ta yi kwana biyu ba ta kula Neda ba. Neda ba ta kawo wani uzuri ba. Ta riƙa zuwa atisaye da wuri, tana jera ƙwallaye, har fushin ya huce.

Ranar Asabar, su ne suka yi tafiyar awa uku. Kafin a fara, Neda ta tsaya gaban 'yan Gaggafa ta faɗi abin da ta yi. Velika ta saurare ta har ƙarshe.

"Na yafe," ta ce. "Kuma gaskiya na kwashe ki ranar nan. Yau ma ki kula da ƙafarki."

Suka yi dariya, suka gaisa.

Kaka Zahari yana zaune cikin 'yan kallo, tsakanin Boyana da kakar Sevda, da ledar 'ya'yan kabewa a cinya. Ya yi alƙawarin ba zai ce uffan ba.

Bayan hutu Neda ta shiga. Ba a jima ba ta samu ƙwallo a bayan Velika, ta ɗaɗa ta cikin raga. Sai sabon alƙalin ya busa usur. Ya ce satar gida ce.

Kaka Zahari ya zabura, 'ya'yan kabewa suka watse.

"Wace irin satar gida? Malam, ka bar idonka a gida ne?"

Kowa ya juyo. Mutumin da ya zage shi wancan makon shi ya fara tuntsirewa da dariya. Kaka Zahari ya koma ya zauna, kunnuwansa sun yi ja.

"Baba, ka ce ba za ka yi magana ba," in ji Boyana.

"Bakin ne ya ƙwace."

Can kusa da tashi, Neda ta sake samun ƙwallo. Ta ga Sevda ba kowa a kanta, ta ba ta. Sevda ta zura. Aka tashi ɗaya da nema. Wannan karon duka ƙungiyoyin biyu suka gaisa, iyayen Gaggafa har suka raba wa baƙi tuffa daga gonakinsu.

A cikin mota, Neda ta zauna kusa da kakanta.

"Ka gan ni, Kaka?"

"Na gan ki, Barkono. Kin ɗan fi tsohuwar akuya."

"Waccan da aka hana, satar gida ce?"

"Mahaifiyarki ta ɗauka a waya, ta nuna mini. Satar gida ce, da taku guda cur." Ya girgiza kai. "Amma a lokacin, da an ce in rantse, zan rantse ba ita ba ce. Ni da na yi shekara talatin da biyu ina duban layi."

"To yaya aka yi ba ka gani ba?"

"Ke nake kallo, ba layi ba. Idan kana son mutum, idonka yakan karkata gare shi ba ka sani ba. Shi ya sa mai gaskiya ba ya yarda ya yi hukunci a kan nasa. Ba don mugu ne ba, don kowa ya samu natsuwa."

"Ni ma na koyi nawa," in ji Neda. "Idan ina son abu, in faɗa da bakina. Ƙarya, ko don ƙauna aka yi ta, sai ta cuci wanda ake ƙauna."

"Haka ne," in ji Kaka Zahari. "Yanzu matsa mini, kin zauna a kan kwat ɗina."

Tun daga ranar, sau ɗaya a kowane wata, Kaka Zahari yakan bar usur a gida ya je kallon wasan jikarsa. Neda kuwa ba ta sake yi masa ƙarya ba.